Sulken da Yayata Ta Sa Aka Ƙera wa Motar Mijinta

Ni tela ne. Shagona yana cikin kasuwar Hilla Kuku a Khartum, tsakanin mai sayar da robobi da mai gyaran waya, kuma har furfura ta fara fito mini ban taɓa durƙusawa na leƙa ƙarƙashin mota ba. Yayata ce ta sa na leƙa.

Ita ce babba a ɗakinmu. Mijinta direba ne, yana da tsohuwar boksi, wato a-kori-kurar nan da ke ja da ƙafa huɗu. Daga kasuwannin Omdurman yake lodi, ya nufi ƙauyukan yamma inda kwalta ba ta kai ba, da sukari da ganyen shayi da sabulu da buhunan albasa. In zai dawo ya ɗauko tumaki, ko fatu, ko marar lafiyar da za a kai asibiti. Ba shi da yawan magana. In ya zo gidanmu sai ya zauna a bakin gado ya sha shayi, ya tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tashi.

Wata bazara, lokacin zafin da ke sa kwalta ta yi laushi a ƙarƙashin takalmi, ya tafi bai dawo ba. Wani direban babbar mota ne ya kawo labarin. Ya ce a hanyar dawowa boksin ta tsaya wa mijin yayata a wani wuri nesa da babbar hanya, inda waya ba ta kamawa. Yana ɗauke da wani tsoho da matarsa, za su ga likita. Ya bar musu ruwan da ke motar, ya tafi a ƙasa neman taimako. Su an same su da rai. Shi kuwa makiyayan raƙuma suka tsince shi, suka yi masa sutura a can. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Mijin yayata yana da wani amini, shi ma direba, mazaunin Dar Salam, wata unguwa a Omdurman. Shi ya je ya ɗoro boksin a bayan babbar mota ya kawo ta ƙofar gida. Sai da aka taru aka ja ta ƙasa da igiya, don tayoyin baya sun ƙi juyawa. Nan ta zauna, ƙura na hawa kanta, awakin unguwa na kwana a inuwarta. Dangi duk bakinsu ɗaya, a sayar wa masu ɓaɓɓalla motoci a huta da ganinta. Yaya tana takaba, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Da ta fita takaba sai ta aika aka kira ni, aka kira aminin mijinta. Muka same ta tsaye a ƙofar gida da tabarma a naɗe a hammata.

Ta ce masa, "Nuna mini abin da ya kashe shi."

Ya sunkuyar da kai. "Hajja, kwana ne ya ƙare."

"Na sani. To nuna mini abin da ya tsayar da motar."

Ta shimfiɗa tabarmar a bayan boksin, ta tattara tob ɗinta, wato lulluɓin da matanmu ke naɗawa tun daga kai har ƙafa, ta kwanta ta tura kanta ciki. Ni ma dole na durƙusa. A tsakiyar sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin baya akwai wani ƙullutu kamar tukunyar miya. Direban ya ce sunanta korona. A cikinta haƙoran ƙarfe suke, masu karɓar ƙarfin inji su raba wa taya biyu, kuma a cikin mai suke iyo. Akwai irinta a gaba. Ya ce a duk jikin mota, in ka cire tayoyi, babu abin da ya fi su kusa da ƙasa.

Bayan tukunyar an rufe shi da murfi, an ɗaure da kusoshi kewaye. Ya ɗora yatsa a leɓen murfin na ƙasa. Wurin ya ɗan ɗage, kamar yadda bakin gwangwanin madara ke ɗagewa in an sa masa wuƙa. Ya ce dutse ne ya kama leɓen ya ɓare shi. Mai ya riƙa ɗiga a rairayi, direba bai sani ba, har tukunyar ta bushe, haƙoran suka yi zafi suka cije juna.

Yaya ta sa ɗan ƙaramin yatsanta a ɓarakar. Ko gaɓa ɗaya bai shige ba.

Ta ce, "Wannan ne kawai?"

Ya ce, "Shi ne kawai, Hajja."

Ta daɗe a kwance tana kallon wurin. Da ta fito, ta karkaɗe tabarmar ta ce ba za a sayar ba. Za a gyara, aminin mijin nata zai riƙa tuƙa ta a hanyar da mai ita ya saba bi, amma ba za ta sake taka rairayi da wannan murfin ba.

Makanikai suka sauya haƙoran da suka lalace. Daga nan direban ya kai mu Alshajara, kudancin Khartum, wurin wani maƙerin walda da kowa ke kira usta, yadda ake kiran duk wanda ya ƙware a sana'ar hannu. Iyayensa Hausawa ne da suka yi ƙwadagon auduga a yankin Jazira. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannayensa duk tabon tartsatsi, kuma kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar guduma, sai ya karkato da ɗayan in ana masa magana. Rumfarsa ta kwano ce, a layin da tun safe har la'asar ba ka jin komai sai bugu da ƙugin injin yanka.

Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce wa Yaya ta sayi sabon murfi a kanti, ya fi sauƙi.

Ta ce, "Wanda ya ɓare ɗin ma daga kanti ya fito."

Ya dube ta, ya dubi direban. Direban ya gaya masa a taƙaice ko motar wa ce. Usta ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi wa mamaci addu'a, ya kwanta a ƙarƙashin boksin. Ya jima a can yana taɓa wannan yana ƙwanƙwasa wancan. Da ya fito ya ce, "To Hajja, murfi kaɗai ba zai isa ba. Sai dai mu yi mata sulke."

A bayan rumfar akwai wasu manyan fallayen ƙarfe jingine da bango, sun yi tsatsa ja. Ya ce daga jikin wani tsohon jirgin ruwa aka yanko su, wanda ya shekara da shekaru yana hawa da sauka a Farin Nilu. Ya kankare gefen ɗaya da dutsen wasa, sai ga ƙarfe fari tas a ƙarƙashin tsatsar. Kaurinsa ya kusa na littafin makaranta. Na gwada ɗaga kusurwa ɗaya, ko motsi bai yi ba.

Kafin ya taɓa ƙarfen sai ya aika aka samo kwalayen sabulu. Ya shiga ƙarƙashin motar da kwali yana lanƙwasa shi a jikin korona, yana zana da alli. Da ya fito zai yanka da wata dakusasshiyar wuƙa, na ce ya bari. Kullum almakashina yana aljihun jallabiyata. Ya ce, "Ashe da tela muke tafe. Bismilla." Haka na wuni ina yanka kwali, yana gwadawa, yana dawo mini da shi in rage nan in ƙara can, kamar mai gwada wa ango riga. Bambancin kawai, ya ce a nasa ɗinkin in ka yanka ba daidai ba babu kalmasa da za ta ɓoye.

Yaya kuwa ta samu benci a gefen rumfar ta zauna. Kullum muka zo da kwanon kisra take zuwa, wainar dawar nan mai faɗi, da miyar kuɓewa, ta ajiye wa ma'aikatan. Ba mace ko ɗaya a layin sai masu sayar da shayi. Da farko maƙwabtan usta suna leƙowa suna kallonta, daga baya suka saba, har mai wucewa ya tsaya ya gaishe ta. Tambaya take yi ba ta gajiya, shi kuma yana amsa mata da ƙarfi irin na wanda ba ya ji sosai.

Ta tambaye shi me ya sa ba zai liƙe farantin, wato faifan ƙarfen da zai kare ƙasan motar, da walda a jikin korona a huta ba. Ya ce zafin walda yana karkatar da gidan haƙoran, kuma ranar da za a buɗe a duba sai an fasa. Da kusoshi za a ɗaure. Ta ce dutse ba zai fille kan kusoshin ba? Ya ce shi ya sa zai haƙa wa kowane kai gurbi ya nutse, dutse ya zo ya shafa ya wuce. Ta ga yana huda farantin ta ce ai yana rage masa ƙarfi. Ya ce ɗaya ƙofar juye mai ce, sauran kuma don rairayi ya samu hanyar fita, iska ta samu hanyar shiga, don korona tana zafi in ta yi tafiya, in ka lulluɓe ta ruf ka dafa ta da hannunka.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ya tanƙwara gaban kowane faranti ya ɗaga sama. Ya ce, "Ba so nake ya yi karo da dutse ba. In ƙarfe da dutse suka yi karo, wani abu a tsakani zai karye. So nake motar ta hau ta zame, yadda ƙirjin jirgi ke hawa ruwa."

Ranar da aka ƙera murfin ba zan manta da ita ba. Ya yanko ƙarfen da harshen wuta shuɗi, siriri kamar allura, yana bin layin alli, narkakken ƙarfe na zuba ƙasa yana tsalle. Ƙarfen da na kasa ɗagawa, wuta na ratsa shi kamar almakashi a atamfa. Sai suka ɗora shi a bakin wani faffaɗan bututu, suka gasa tsakiyarsa har ya yi ja, ya wuce ja ya koma ruwan lemo. Usta da wani ƙaton ma'aikacinsa suka tsaya fuska da fuska, kowa da guduma, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Ƙasa na girgiza a tafin ƙafata. A gaban idona faifan ƙarfe ya riƙa lotsawa a hankali har ya zama ƙwarya. Na juya na ga Yaya ta miƙe tsaye, hasken wutar na fuskarta, bakinta na motsi. Ban san abin da take karantawa ba.

Ya yi wa ƙwaryar baki mai kauri da walda, ya goge leɓen ƙasa har ya yi daidai da jikin korona, ba abin da ya rage a waje da dutse zai kama. Da ya huce sai ya shafe bayan walda da alli, ya cika cikin da kananzir, ya ajiye a inuwa. Ya ce kananzir ya fi ruwa iya neman hanya, in akwai ƙofa ko da ta kai bakin allura, allin zai yi duhu. Muka ci abinci, muka yi azahar, muka dawo. Allin na nan fari. Yaya ta ɗauki murfin da hannu biyu ta juya shi a rana, ta bi layin da ido har ta zagayo.

Murfi biyu ya yi, na gaba da na baya, kowanne da farantinsa a ƙasa, sai wani dogo a ƙarƙashin inji da giya wanda ya ɗaure a jikin shasi, ƙashin bayan motar. Da aka gama ɗaurawa ya goge hannu ya ce mata, "Hajja, in gaya miki gaskiya. Ta ƙara nauyi, cikinta kuma ya ɗan sauko. A rairayi mai laushi za ta fi saurin zama. Kuma ƙarfe ba ya tare abin da Allah ya rubuta."

Ta ce, "Ban ce ya tare ba, usta. Nawa dai na yi."

Na ɗauka shi ke nan, za a miƙa wa direba makulli. Sai ta ce tafiyar farko da ita za a yi, a kai ta ta ga kabarin mijinta, ni kuma in raka ta. Na rufe shago.

Bayan sallar asuba muka haye gada zuwa Omdurman. A Dar Salam muka tsaya ƙofar gidan direban, gidan jan laka kamar sauran na layin, aka ɗora jarkokin ruwa har sai da na ce sun yi yawa. Aka yi lodin kayan 'yan kasuwar ƙauye a kai, muka shiga gaba mu uku, Yaya a bakin taga. Gidaje suka riƙa raguwa, suka koma rumfunan buhu, suka ƙare. Daga nan direban ya saki kwalta ya karya yamma.

An haife ni a ƙasar nan, kakana ma a ƙasa ya ratso ta daga Hausa za shi Makka, amma ban taɓa sanin haka bayan garinmu yake ba. Ƙasa ta buɗe ta ko'ina, ba gini, ba turken lantarki, ba abin da ido zai jingina da shi. Wani wuri jan rairayi, wani wuri baƙar tsakuwa shimfiɗe kamar an share an zuba, can nesa duwatsu baƙaƙe suna rawa a cikin zafi. Hanya kuwa sawun tayoyi ne kawai, su rabu goma su sake haɗuwa. Ban san yadda direban yake zaɓa ba. Na riƙa tunanin surukina, mutumin da ke zama a bakin gadonmu yana shan shayi, ashe nan yake wuni shi kaɗai, bai taɓa ba mu labari ba.

Tun daga nan na fara jin aikin usta. Tsakuwa na tashi tana bugun farantin, tas, tas, wani lokaci wani dogon ƙuuu in cikin motar ya shafi tudun da ke tsakanin sawun tayoyi. Duk bugu sai na ga yatsun Yaya sun ƙara damƙe bakin taga.

Washegari da hantsi, bayan mun sauke kaya a ƙauye na biyu, muka bar hanyar da aka saba bi, muka kama wadda marigayin ya yanke don ya gaggauta kai marar lafiya. Muka zo wani busasshen rafi mai gangara. Direban ya sa babbar giya, ya sauka a hankali. Muna tsakiya sai na ji kamar an ɗaga motar an buga da ƙasa. Kaina ya daki rufi, haƙorana suka haɗu. Wani ƙara ya bi ta ƙarƙashinmu tun daga gaba har baya, irin na niƙa, gindin motar ya ɗaga ya sauka. Direban ya haye gaɓa ya kashe inji.

Ba wanda ya dubi wani. Yaya ce ta fara buɗe ƙofa. Wannan karon ba tabarma, a kan rairayi mai zafi ta kwanta. Na bi ta.

A farantin gaba akwai wani sabon zane mai zurfi, fari yana ƙyalli, faɗinsa ya kai yatsa biyu. Ya fara daga inda usta ya tanƙwara, ya bi har ƙarshe. A na baya ma haka, har gefe ɗaya ya ɗan lotsa. Kawunan kusoshin na nan a gurabunsu. Yaya ta shafa murfin, ta janye hannu don zafi, ta sake mayarwa, ta bi leɓen ƙasa da yatsa. Ta duba yatsan, ƙura ce kawai. Direban ya ce mu jira, wani ɗigon ba ya fitowa nan take. Ya shimfiɗa farin buhu a ƙarƙashin kowace korona. Muka tsuguna a inuwar motar muna kallon buhunan har inuwar ta matsa. Ba ɗigo ko ɗaya.

Muka koma cikin rafin a ƙasa don mu ga abin da muka haye. Baƙin dutse ne binne a rairayi, kansa kaɗai ya fito, mai kaifi kamar bakin gatari. Yanzu kan ya fashe, gutsattsarinsa warwatse. Direban ya tona gefensa da ƙafa, ya tona da hannu, bai ga ƙarshensa ba. Na tambaye shi ko shi ne dutsen da ya tsayar da marigayin. Ya ce Allah kaɗai ya sani, irinsa sun fi a ƙirga a wannan rafin. Yaya ta ɗauki gutsure ɗaya ta juya shi a tafin hannu, ta yar.

Da rana ta karkata muka isa rijiyar makiyayan. Raƙuma sun kewaye ta, ana jan guga da jaki. Da direban ya faɗi ko su wane ne mu, aka kira wani dattijo siriri mai jan ido. Shi ne ya tsinci gawar. Ya gaishe da Yaya da Larabci, ya daɗe yana yi mata ta'aziyya, sannan ya shiga gaba muka bi shi a ƙasa.

Kabarin bai yi nisa da rijiyar ba. Daga inda yake ana jin kukan raƙuma. Tulin duwatsu ne a gindin wata aduwa, an rufe da ƙaya saboda kuraye. Muka tsaya muka yi addu'a. Yaya ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa ta dafa dutse ɗaya.

Dattijon ya tsuguna nesa kaɗan. Ya ce, "Kun san yadda muka gano mutanen da ya bari a mota?"

Muka ce ba mu sani ba.

Ya ce da suka same shi babu rawani a kansa, sai wani ɗan ƙyalle fari a damƙe a hannunsa. Suna cikin haƙa kabari wani ya hango irin ƙyallen a ɗaure a reshen ƙaya, can baya. Da suka je wurin suka hango wani a gabansa. Ashe tun da ya baro motar yake yaga rawaninsa yana ɗaurawa, duk inda ya samu itace, inda babu itace ya tara duwatsu ya danne. Suka hau raƙuma suka bi ƙyallayen. Suka kai su har inda tsohon da matarsa ke kwance a ƙarƙashin boksi, da sauran ruwa kaɗan a jarka.

Ya ce, "Na farkon, na kusa da mota, ɗaurin kirki ne, ƙulli biyu. Na kusa da nan kuwa rataya su kawai ya yi. Hannun ya riga ya gaji. Amma bai tsallake itace ko ɗaya ba."

Ya tashi ya nuna mana. A wata farar ƙaya, daidai tsayin kafaɗa, ga ɗan tsumma rana ta cinye shi ya zama ruwan ƙasa, iska na kaɗa shi. Na tsaya a gindinta na duba gabas, sai da na ƙanƙance ido kafin na hango na gaba, ɗan ɗigo a cikin wannan fili marar iyaka. Ni da jarka cike a mota, da hula a kaina, daga rijiya zuwa nan kawai maƙogwarona ya bushe. Dattijon ya ce ba su cire ko ɗaya ba, yaransu masu kiwo ma da su suke gane hanyar rijiya in sun yi nisa.

Yaya ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta kama bakin tsumman da yatsu biyu, ta ga zai ɓalle, sai ta sake ƙulla shi a reshen, ƙulli biyu. A nan ne ta yi kuka, a tsaye, ba sauti. Mu maza muka juya baya muka ba ta wuri.

A hanyar dawowa maganar usta ta tabbata. Muka shiga wani rairayi mai laushi kamar gari, boksin ta zauna da cikinta, tayoyi huɗu na juyawa a banza. Direban ya rage iskar tayoyi, ya ɗauki shebur, ni na sa hannu. Yaya ta juye sauran kisra a leda ta shiga kwasar rairayi daga ƙarƙashin farantin da kwanon abinci. Direban ya roƙe ta ta koma inuwa, ta ce ita ta sa aka ƙara nauyin, ita za ta kwashe. Muka yanko rassan tumfafiya muka shimfiɗa. Da motar ta fita, duk mun yi fari fat har gashin ido, Yaya ta dube ni ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

Motar ta ci gaba da bin hanyar yamma, da ita aka ciyar da 'ya'yan Yaya har babbar ta yi aure. Duk dawowa direban yakan tsaya ƙofar gida, Yaya ta fito da tabarma ta duba ƙarƙashi kafin ta tambaye shi yadda kasuwa ta yi. Farantan suka cika da zane, sabo a kan tsoho. Sau ɗaya aka mayar wa usta na baya ya buge shi ya miƙe.

Da yaƙi ya shigo gari, a bayan boksin nan gidanmu da gidan Yaya da na direban muka fita, ta hanyoyin da ba kwalta, yara a kan katifu, tsofaffi a gaba. Keken ɗinkina na ɗaure a kan jarkokin ruwa. Usta ban san inda ya nufa ba. Na tambayi mutanen Alshajara da na haɗu da su a inda muke zaune yanzu, wani ya ce ya gan shi a Jazira wurin danginsa, wani ya ce a'a, gabas ya yi. Har yau ina tambaya.